Ni da Ɗan Farina a Mota Mai Ɗaki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa mata duwatsu, Ya kuma bar ni da rai har na ga inda ta ƙare ruwa ya karɓa.

Ya ku 'ya'yana da jikokina, wannan labarin shekarar da na je Maroko ne. Na san kun ji ana faɗi a gidajen biki cewa Inna ta tafi ƙasar Larabawa da kunyarta ta dawo babu ita. Waɗansunku sun yi dariya, waɗansu sun ji zafi. Ban tanka wa kowa ba. Amma tunda Allah Ya kawo lokacin da ake ɗaukar maganata ana sa ta a takarda, gara ku ji daga bakina, don in na kwanta dama kada a ba ku labarin a karkace.

Ni ɗiyar makiyaya ce, a wata ruga gabas da Dauran aka haife ni. Uwarmu, Allah Ya jiƙanta, mace ce mai tsananin riƙo da kunya. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama tabarma guda da shi, ba ta cin abinci yana kallo, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Haka na ga an yi wa yayarmu, haka na ga kowa na yi. Da na haifi babbanku, wanda kuke ce wa Baffa Malam, ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Zurmi. A can ya yi allo, a can ya yi boko, daga can malamai suka ga kansa yana ja suka tura shi karatu Maroko. Ya gama, ya samu aikin koyarwa, ya auri 'yar ƙasar, ya zauna. Ni kuwa tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa buɗe baki na faɗe shi a fili ba. In dole ta kama sai in ce Babba.

Da mahaifinku ya rasu, lokacin mun riga mun baro Dauran mun dawo Kaura saboda daji ya ɓaci, Babba ya zo ta'aziyya. Ya shigo ɗakin da nake takaba, mata cike, ya durƙusa bakin ƙofa ya daɗe yana ba ni haƙuri. Na juya fuskata ga bango na ja mayafi, kamar yadda ya dace. Ƙirjina kamar ya tsage, amma ban ce uffan ba. Ya jira, ya jira, sannan ya tashi ya fita. Daga wannan fitar bai sake taka ƙasar nan ba. Yana aike, yana kiran ƙanwarsa Hadiza a waya yana cewa a gaishe ni, ni ma ina cewa a gaishe shi. Sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, ya haifi 'ya'ya ban gan su ba sai a hoto. Ƙarfina ya soma tafiya. Abin da nake tsoro guda ne, in mutu ɗan farina bai sake shigowa gidan nan ba, 'ya'yansa su tashi ba su san ƙofar gidan kakansu ba.

Ana nan, ana nan, sai matarsa Zuhura ta kira Hadiza ta ce a turo mata ni in yi ziyara birnin Fas. Na amsa, amma ba ziyarar ce kaɗai a raina ba. Na tafi ne in ce masa ya zo gida. Sai da jirgi ya ɗaga, na ga Kano ta koma kamar tsakin gero a faifai, sannan na tambayi kaina: ta yaya mace za ta roƙi wanda ba ta iya duban idonsa?

Lokacin sanyinsu na sauka. Zuhura ta tarbe ni, doguwa, fara, ta rungume ni ta sumbaci kaina da hannuna a gaban jama'a, suruka ga uwar miji. Na rasa inda zan sa fuskata. Da ta buɗe baki sai ga Hausar Zurmi tsantsa, don a bakin mijinta ta koya. Shi kuwa Babba ya tsaya daga nesa ya rusuna ya gaishe ni, na amsa ina kallon ƙasa. Na lura furfura ta fito masa. A gidansu ɗakuna da yawa ne, don haka zamanmu ya yi daidai: in ya shigo falo in shige ɗaki, in ina da magana in ba Zuhura ta kai masa. Jikokina suna zuwa su hau jikina suna Larabci ina Hausa, muna dariya. Maganar da ta kawo ni tana nan zaune a maƙoshina.

Wata safiya Zuhura ta kai yara gidan mahaifiyarta, ta dawo ta ɗaga labulena.

"Inna, hito ki ga gidanki."

Na fito na ga wata farar mota doguwa, mai tagogi da labule. Na ce, "Wagga mi ce ce? Motar asibiti?"

"Ɗaki ne mai ƙafa, Inna. Hayarsa munka yi. Cikinsa za mu zagaya da ke ƙasarmu, sannan mu ɓulla Fas."

Na hau da bisimilla. Ku saurara in gaya muku abin da na gani. A cikin motar nan akwai gado da katifa. Akwai murhun gas mai baki biyu. Akwai famfo, ka murɗa ruwa ya zubo, alhali babu rijiya ƙarƙashinsa. Akwai firji, akwai tebur da ake naɗewa, akwai makewayi ɗan ƙarami kamar akurki, akwai wani abu da ake kunnawa ya hura ɗumi. Kowace tukunya da raminta, kowane kofi da maƙalinsa, don kada su zube in ana tafiya. Na tsaya hawaye suka taru mini, don na tuna ranar ƙaura a ruga, yadda muke kwance ɗaki mu ɗora bisa takarkari, tabarmi da ƙore da turmi, inda dare ya yi nan ne gida. Ban taɓa zaton zan sake kwana a gidan da ke tafiya ba. Ina cikin wannan sai na duba gaba na duba baya, na ga ɗakin guda ne. Babu zaure, babu shigifa, babu bayan ɗaki. Tsakanina da kujerar direba bai fi tsawon tabarma ba.

Na ce, "Zuhura, ni ina zan kwana, mai gidanki ina zai kwana?"

Ta ce, "Ke ga gado, ga labule. Sauran kuma Allah na nan."

Ta faɗa tana gyaran kofuna, ba ta dube ni ba. Daga baya na gane da gangan ta yi.

Muka kama hanya, Babba yana tuƙi. Abu na farko da Allah Ya nuna mini shi ne teku. Ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbin Kaura in ya kawo da damina, mutum yana wannan gaɓa yana ƙwala wa na waccan kira. Wannan kuwa ba shi da waccan gaɓa. Ya tafi, ya tafi, har ya haɗe da sama. Yana tasowa kamar garken fararen shanu sun ɓalle a guje, ya zo gab da ƙafarka ya durƙusa ya koma, ya sake tasowa, ba ya gajiya, kuma ba ya wuce inda aka ce ya tsaya. Na zauna bisa rairayi ina tasbihi har ƙafafuna suka yi sanyi. Na ɗanɗana na ji gishiri. Na ce duk gishirin da ake kai wa Kasuwar Daji tun kafuwarta bai isa ya ɗanɗana wannan ruwa ba.

A bakin tekun akwai filin da masu irin motarmu ke sauka. Jere suke kamar an yi mashekari, zangon makiyaya. Masu su duk tsofaffin Turawa ne, miji da mata, fata ta yi ja, sun fito da kujeru suna shanya jiki a rana, kowa da ɗan karensa. Zuhura ta ce sanyin ƙasarsu suke gudu, in ya wuce su koma, haka suke yi kowace shekara.

Na ce, "Ashe Turawa ma na da Fulaninsu. To ina shanun?"

Ta ce, "Karen nan shi ne shanun, Inna."

Sai na ji dariya ta kufce wa Babba daga kujerar gaba. Ban taɓa jin dariyarsa ba tun yana goye. Dariyar mahaifinku ce sak, har da ɗan tarin da ke biyo bayanta. Na ja mayafi na rufe baki na yi kamar ina kallon taga.

Daga teku muka nausa cikin ƙasa. Na ga awaki bisa itace, can ƙololuwa, suna cin 'ya'yansa kamar tsuntsaye, makiyayinsu yana zaune ƙasa ko a jikinsa. Ni da na tashi cikin awaki na ce a tsaya, na sauka na zagaya itacen in ga ko ɗaure su aka yi. Na ga garuruwa na jan ƙasa kamar namu, sai dai a jikin dutse aka manna su, gida bisa gida. Na ga kwari cike da dabino, ruwa yana bin ƙarƙashinsa a 'yan hanyoyin da aka yanka masa, sama kuwa dutse ƙunƙurmi ko ciyawa babu. Ko'ina muka tsaya sai an kawo mana shayi da na'ana'a, ana ɗaga buta sama ana zubawa. Yini gajere ne a lokacin, kana sallame la'asar magariba tana bisa kanka.

To, ga inda abin ya ɓaci. In Zuhura ta sauke tukunya, Babba sai ya ɗauki kwanonsa ya buɗe ƙofa ya fita, don in samu in ci. In zan yi alwala ya fita. In zan kwanta ya fita sai na ja labule, sannan ya dawo ya naɗe a kujerar direba, dogon mutum, gwiwa a haɓa. Ban ce ya yi ba, shi ma bai tambaya ba. Tarbiyyar gida ce, yana ba ni haƙƙina. A bakin teku babu laifi, akwai rana. Amma da muka soma hawan duwatsu iska ta sauya, ta zama mai yanka kamar aska, wani lokaci da yayyafi. Ina zaune a ɗumi ina cin abinci, ta tsakanin labule ina hango shi a tsaye, ya juya wa mota baya, kwano a hannu, rigarsa tana kaɗawa. Amma in ce masa shigo, bakina ya ƙi.

Sai tari ya kama shi. Na ce, "Zuhura, ki ce wa mai gidanki ya ƙara riga."

Ta ce, "Ga shi nan, Inna. Kunnensa lafiya lau."

"Ke dai faɗa mishi."

"Na aje aikin nan. Tun da munka taso nike kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Ko gidan waya na hutun Juma'a."

Babba ya ce mata wani abu da Larabci a hankali, ta mayar masa da ƙarfi. Bai ƙara rigar ba, don kada ya nuna ya ji maganar da ba a faɗa masa ba.

Muka ci gaba da hawa. Hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango, gefe guda rami wanda in ka leƙa sai ka hango tumaki kamar ƙwayar shinkafa. Da hantsi sama ta yi toka, sai wani abu fari ya soma saukowa. Ba irin ƙanƙarar damina mai fasa gero ba ce. Wannan a hankali take zuwa, kamar ana shiƙar auduga daga sama, ba ta da ƙara ko kaɗan. Na miƙa hannu ta taga ta sauka a tafina, na kawo kusa in duba, ta zama ɗigon ruwa. Kafin azahar dutse ya yi fari, itace ya yi fari, hanya ta ɓace. Muka iske an gitta ƙarfe an rufe hanya, aka ce sai an share. Babba ya raɓa da motar gefe, sama da wani ƙauye, ya kashe ta, ya kifa kansa bisa sitiyari. Zuhura ta taɓa goshinsa ta janye hannu.

Wayewar gari jikinsa kamar garwashi, yana rawar ɗari har kujera tana motsi. Ga shi gas ɗin da ke hura ɗumi ya ƙare. Numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Zuhura ta kama shi ta kai shi gadona ba tare da ta nemi izinina ba, ta lulluɓe shi, ta ɗaura takalma ta ce za ta gangara ƙauyen nan ta nemo magani da tukunyar gas. Ta tsaya bakin ƙofa ta dube ni, idonta ja.

"Inna, ni ban san abin da kuke ce ma kunya ba. Abin da na sani, ku biyu za ku kashe juna da ladabi. Ga ɗanki nan."

Ta rufe ƙofa. Na bi ta da ido tana nutsewa cikin farin nan har ta ɓace.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan safiya ba. A daji ko da rani akwai kurciya, akwai ƙugin saniya. Nan babu komai, duniya duk an lulluɓe ta da likkafani, sai numfashin mutum guda yana fita da ƙyar. Na zauna a ƙarshen ɗakin, iyakar nisan da zan iya, na ce a raina Zuhura za ta dawo yanzu. Haƙoransa suna haɗuwa. Na duba dama, babu kakarsa. Na duba hagu, babu goggonsa. A nan na gane wani abu da ban taɓa ganewa ba. Kunya irin tamu tana son gida mai faɗi, mai kaka da goggo da inna ƙarama, waɗanda za su yi wa yaro abin da uwa ta kauda kai daga gare shi. A bisa wannan dutse duk sun mutu ko sun yi nisa. Ni kaɗai ce.

Na tashi. Murhun girki yana da 'yar tukunyarsa daban, da saura a ciki. Na kwance ƙullin da na taho da shi daga gida, garin gero da citta da kanumfari da man shanu. Na dama kunu. Na narka man shanu da tafarnuwa. Na cire bargona da mayafina na ƙara masa. Sannan na zauna a bakin gadon na ɗora hannuna bisa ƙirjinsa na soma shafawa. Tun ranar yaye fatata ba ta taɓa tasa ba. Jaririn da na miƙa wa kakarsa, ga shi ƙarƙashin tafina da furfura a ƙirji. Na shafa wuyansa, na shafa goshinsa, yatsana ya faɗa wani tabo a cikin gashi, sama da kunnen hagu.

Ya buɗe ido. Bai dube ni ba, rufin motar yake kallo.

"Inna."

Na ce, "Na'am." Karo na farko ke nan da na amsa kiransa kai tsaye.

"Na san al'ada ce. Ni da kaina na sha bayyana ma Zuhura, har na gaji. Amma ina son in tambaye ki abu guda, in ba ki so kada ki amsa. Kin san sunana kuwa? Ko tun da ba a faɗi, ya ɓace miki?"

Ya ku 'ya'yana, na ɗauki tulu bisa kai, na ɗauki damin gero, na ɗauki gawar ɗiya biyu a hannuna. Ban taɓa ɗaga abu mai nauyin wannan suna ba. Yana nan ƙasan harshena tun ranar da aka raɗa shi, kullum ina faɗinsa a sujada inda ba mai ji sai Allah, amma a fili leɓena bai san hanyarsa ba. Na ji muryar uwarmu a kunnena. Na ji kamar duk matan rugarmu sun kewaye motar suna leƙe ta taga. Na duba tagar, babu kowa sai fari.

Na ce, "Sa'idu."

Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Na sake cewa, "Sa'idu, tashi ka sha kunu."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Na bar shi ya yi. Da ya lafa na tallabo kansa na ba shi kunun a baki, yana sha yana tari.

Na ce, "Tabon ga na karsana ne. Ranar da ta soke ka a Zurmi, labari na iske ni ruga na aje ƙwarya na taso da ƙafa. Na tsaya bayan rumbun kakarka har anka gama ɗaure maka kai. Da na ji ka bar kuka na juya na koma. Ba wanda ya gan ni."

"Don mi ba ki shigo ba?"

"Don ni ɗiyar uwata ce. Ranar takaba kuma duk abin da ka faɗa na ji. In kana so in maimaita maka shi yanzu, tun daga sallama."

Ya ce, "Na ɗauka bango nike ma magana."

"Bangon na da kunne. Ka zo gida, Sa'idu. Abin da ya kawo ni ke nan, ba dabino ba. Ka kawo ɗiyanka su ga kabarin kakansu. Ka zo ina da rai."

Ya kama hannuna ya riƙe, barci ya ɗauke shi a haka, ni kuma ban zare ba.

Haka Zuhura ta iske mu da ta dawo wajen azahar, da wani dattijon ƙauyen yana jan alfadari, an ɗora tukunyar gas da burodi mai zafi da miyar wake da matarsa ta aiko. Ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta tsaya, ƙanƙara a girarta. Na jira ta yi magana. Sai ta juya ta ce wa dattijon ya sauke kaya a hankali. Da aka zuba abinci ta ajiye kwano guda a tsakiya da cokali uku, ta zauna ta tokare ƙofa da bayanta.

Ta ce, "Wanda duk ke son fita, sai ya bi ta kaina."

Muka ci.

Zazzaɓin ya sauka da magani da ikon Allah. Da aka buɗe hanya Zuhura ce ta karɓi tuƙi. Muka kai ƙololuwar dutsen rana tana fitowa, na ce a tsaya. Na sauka ƙafata tana nutsewa. Duwatsu ne jere bayan jere, duk farare, rana ta zuba musu wani ja kamar an shafa lalle, gajimare kuwa yana ƙasa da mu. Ni Inna, ɗiyar ruga, ina tsaye ina kallon bayan gajimare. Na ɗaga hannu zan yi addu'a na rasa abin da zan roƙa, sai na yi ta godiya. Sa'idu ya zo ya tsaya kusa da ni, cikin bargo, ba a bayana ba, ba nesa ba.

Ya ce, "Da damina zan zo, in Allah Ya so. In an ba yara hutu."

Na ce, "Allah Ya kai mu."

A Fas, cikin lungunan nan masu ƙunci da jaki kaɗai ke ratsawa, shi ya riƙe hannuna har muka yi ziyara muka fito.

Ban ce uwarmu ta yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba. Da wannan kunya ta riƙe gida, da ita aka san mu. Wadda ta ga za ta iya riƙewa a cikinku ta riƙe, muddin akwai masu tallafa mata. Ni dai abin da ya same ni ke nan.

Da damina Sa'idu ya zo, lokacin gero ya kai gwiwa. Gidan nan ya cika, 'yan uwa daga Zurmi da Shinkafi da Ɗan Isa, har da yayata Dije, wadda ita ce ɗiyar farin uwarmu, kuma ita ta gaji tsananinta. Ya yi sallama a tsakar gida da matarsa da 'ya'yansa. Mata suka yi tsit, suna jira in shige ɗaki. Na san in na shige, abin da aka gina bisa dutse ya rushe. Na tashi tsaye na ce, "Maraba, Sa'idu. Zo zauna nan." Na buga tabarmar da nake kai.

Dije ta ɗauki takalmanta ta fita. Ba ta ci abincin gidana ba, ba ta yi mini sallama ba. Daga bakinta maganar da kuka ji ta fito. Muka yi watanni ko a gidan rasuwa muka haɗu sai ta sauya wuri. Wannan ya yi mini ciwo, don mu biyu muka rage cikin ɗiyan uwarmu.

Sai wata safiya bayan an yi girbi, ina tsince wake, na ga inuwa a ƙofa. Dije ce da sandarta. Ta zauna ba ta gaishe ni ba, ta jawo faifan ta kama tsincewa. Ita ma tana da ɗan fari, makiyayi ne, an kashe shi a daji shekarar da muka baro Dauran, aka rufe shi ba ta ga gawarsa ba. Muka daɗe muna tsincewa, wake yana ƙara a faifai.

Can ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Da kinka faɗi sunan, yaya kinka ji a bakinki?"

Na ce, "Da nauyi, Yaya. Na farkon ne kawai."

Ta duba ƙofa, ta duba tsakar gida. Babu kowa, yara sun tafi makaranta. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar wake, don kada ta ga ina saurare.